Zuwa ga 'yata, bayan ta sauka daga kan sikeli

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran, da dukkan mutanen unguwar Nima a Accra. Saƙonki ya iso ni tun ranar Juma'a tare da hoton da kika ɗauka a kan sikeli, na kuma gode wa Allah da Ya nuna mini ƙarshen wata shidan nan da kika yi a hannun likita da jami'ar kula da abinci, har kilo 14 suka tafi, hawan jinin ya lafa, gwiwar da take hana ki tsayuwa a sallah ta sake ki. Da gangan na ƙi kiranki a waya, domin maganar waya iska ce take ɗauke ta, ita kuwa takarda kina iya komawa kanta bayan wata uku. Kalma ɗaya ce a saƙon naki ta hana ni barci, wato inda kika ce, "Umma, na gama."

Shirin ne ya ƙare, amma jikinki bai san da wannan yarjejeniya ba. Kin san na yi shekara talatin ina aikin jinya kafin in ajiye, don haka ki saurare ni da kyau. Jikin da ya ragu yana ƙona abinci ƙasa da yadda yake ƙonawa a da, saboda nauyin da yake ɗauka ya ragu, kuma shi kansa yana yin tsimi kamar magidancin da ya hango fari. A lokaci guda sinadarin da ke tayar da yunwa yana ƙaruwa a cikin jini, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi kuma yana raguwa. A shekarar 2011 aka buga binciken wasu likitoci a Ostareliya da suka bi mutanen da suka rage ƙiba, suka tarar cewa bayan shekara guda cur sinadaran nan ba su koma yadda suke a da ba. Saboda haka idan kika ji yunwa tana cin ki fiye da da, kada ki zargi kanki da kwaɗayi ko raunin zuciya; ki dai san da ita, ki shirya mata.

Ban taɓa gaya miki yadda tawa ta kasance ba, kunya ce ta hana ni. Shekarar da aka ɗaura miki aure na rage kilo 11 bisa umarnin likita, har telana ta sake auna ni. Da aka sallame ni sai na ɗauka na haye. Ba rana ɗaya abin ya dawo ba, 'yata. Cokali ɗaya na sukari ne ya zama biyu a cikin kokon safe, ƙosai uku suka zama biyar, tafiyar da nake yi da ƙafa zuwa kasuwa ta koma hawa mota saboda rana. Zani kuwa ba ya tona asirin mai shi, kullum sai ya ɗauru, mayafi kuma ya rufe sauran. Ranar da na sake hawa sikeli, bayan shekara biyu, na tarar da kilo goma sha ɗayan nan sun dawo har da baƙi. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, tun a wata na biyar na lura, amma na kasa komawa asibiti, wai kada a ce ma'aikaciyar jinya ta kasa riƙe bakinta. Wannan kunyar ce nake biyan bashinta yau da ƙwayar ciwon sukari safe da yamma.

Don haka abin da na fi roƙon ki shi ne kada ki rabu da sikeli. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, da safe kafin ki karya, ki hau, ki rubuta a littafi. Ki ja wa kanki layi a kilo biyu sama da inda kike yau, kuma duk ranar da kika ga kin tsallake shi mako biyu a jere, ki koma wurin jami'ar nan ba tare da jiran sai abin ya yi yawa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A Amurka akwai wani kundi da aka buɗe a 1994, inda ake rubuta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Da aka duba halayensu, sai aka ga yawancinsu suna auna kansu aƙalla sau ɗaya a mako, suna karya kumallo kullum, suna kuma motsa jiki kusan awa guda a rana, galibi tafiya ce kawai da ƙafa. Ki kuma sa a ɗinka miki riga ɗaya mai zif daidai jikinki na yanzu, ki riƙa gwada ta, ita ba ta san kara ba.

Ba na so ki ƙaurace wa abincinmu, wanda ya yi haka ba ya daɗewa. Ki ci waakye ɗinki, amma ki tsaya ki dubi hannun mai zubawa: shinkafa da wake, sai taliya, sai gari, sai ludayin mai a sama, abu huɗu kenan masu aiki iri ɗaya a cikin ganye guda. Ki ce mata ta bar taliyar da garin, ta ƙara ganye da ƙwai ko kifi. Tuwo da miyar ayoyo ko kuka ba su da laifi idan malmalar ba ta wuce dunƙulen hannunki ba, kuma manja ki riƙa auna shi da cokali, kada ki tuttula daga galan. Abin da na fi ji miki tsoro shi ne abin sha, saboda yana wucewa ba ya ƙosarwa. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin goma sha biyu a yini gaba ɗaya. Zoɓo da burkina da ake ƙullawa a sayar su ma haka ake cika su da sukari.

Motsa jiki kuwa, hukumar ta ce minti 150 zuwa 300 a mako, wanda ba ya son ƙibar ta dawo kuma ya fi kyau ya kusanci na saman. Ki fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ki kuma riƙa sauka daga motar haya ta trotro tasha ɗaya kafin wurin aikinki.

Saura maganar mutane, wadda ta fi ta tuwo wuya. Za ki je suna ko biki, gwaggonninki su kama hannunki su ce, "Wayyo, kin rame, ko maigidan ba ya ba ki abinci ne?" A wurinmu ƙiba alamar hutu ce da kwanciyar hankali, kuma da ƙauna suke faɗa, shi ya sa ƙin karɓa yake da nauyi. Kada ki yi musu da manya. Ki karɓi kwanon da hannu biyu, ki ci abin da ya dace, ki ce likita ne ya hana, domin sunan likita yana kashe baki. Ni ma ina cikin masu laifin, don tun kina ƙarama ban taɓa barin ki tashi daga gaban kwano ba sai na ce ki ƙara loma, alhali na san hadisin Manzon Allah (SAW) da ya raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Ki yafe mini. Idan kun zo hutun Sallah ke za ki zuba wa kanki, kuma azumi mai zuwa ki kula da soye-soyen buɗa-baki, domin a nan mutane da yawa suke mayar da abin da suka rage.

Kada ki sayi shayin rage tumbi da ake talla a mota da Facebook, yawancinsa ruwa yake fitarwa ko ya sa zawo. Maganin hawan jininki kuma kada ki rage shi ko ki daina don kin ga sauƙi, sai likitan da ya rubuta shi ya faɗa da bakinsa.

Na ba direban da ya saba kawo miki saƙo kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, zai iso ranar Talata in Allah Ya yarda. Ni ma na sa ƙaninki ya sayo mini sikeli a kasuwar Kejetia, na ajiye shi ƙarƙashin gado. Duk Juma'ar farko ta wata ki aiko mini da abin da naki ya nuna, ni ma in aiko miki da nawa. Babanki yana gaishe ku, yana sa muku albarka. Ki shafa mini kan yaran.

Mahaifiyarki