Sanarwa ga sababbin masu digirin kwamfuta da ke son aiki a fannin lafiya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayar ta ina za a fara, ga shawararmu.

Ku fara da DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, domin a kansa Najeriya ke tattara rahoton wata-wata na asibitoci. Jami'ar Oslo ce ke kula da shi, kuma akwai shafinsa na gwaji da darussan farko kyauta a intanet. Ku haɗa da SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbun bayanai, musamman a kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, har ku iya zaƙulo rahoto ba tare da an riƙe muku hannu ba. Daga nan sai manhajar OpenMRS ta bayanan marasa lafiya, da manhajar ODK ko KoboToolbox ta tattara bayanai a karkara. FHIR, wato ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, ya jira tukuna.

Inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe shi ne rajistar majinyata. Mutum ɗaya ya zo yau a Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman, ga shi bai san ranar haihuwarsa ba, sai a cika masa 1 ga Janairu. Manhajar da ta dogara da suna kaɗai za ta buɗe masa fayil uku, tarihin maganinsa ya rarrabu. Ku koyi haɗa lambar asibiti, lambar waya da unguwa wajen tantancewa. Sannan duk abin da kuka gina ya yi aiki ko babu sabis, ya tura bayanan idan sabis ɗin ya dawo.

Don Allah kada wanda ya ɗora bayanan majinyata na gaske a GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ɗora ayyukansu, don nuna gwaninta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ku ƙirƙiri na gwaji.