Wasiƙa ga ƙanena a Jos kan gem ɗin da na buga kwanan nan

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya su Baba da Inna, ya shago, ya kuma sanyin Jos? Mu nan Manchester lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Ka ce kuɗin PS5, na'urar buga gem ta PlayStation, sun kusa cika, za ka ƙara ta a kan PS4 biyun da ke shago, kana so in gaya maka faifan da ya kamata ka saya. Na buga guda biyar a 'yan watannin nan, kuma duk wanda na ɗauka sai na auna shi da abin da ke gabanka: wutar da ake ɗaukewa ba sallama, tsadar data, da yaran da ke biya wasa-wasa. Kyan hoton talla kada ya ja ka.

Ƙwallo ce abincin shagonka, bari in fara da ita. Abin da yara ke kira FIFA har yanzu, tun 2023 sunansa ya koma EA Sports FC, bayan kamfanin ya rabu da hukumar ƙwallo ta duniya. FC 26 nake bugawa yanzu. Ya zo da salon wasa iri biyu. Akwai mai sauri, wanda aka yi don masu gasa a intanet, fasin na tafiya kamar walƙiya, ƙwallaye na shiga da yawa. Akwai kuma mai nauyi, wanda 'yan baya ke tsayawa a gurbinsu, sai ka gina wasa daga tsakiya kafin ka ga raga. Ni na biyun ya fi kwanta mini a rai, don ya fi kama da ƙwallon da muke kallo. Amma a shago mai saurin zai fi karɓuwa, yaro ya biya kuɗinsa ne don ya ci ya yi ihu. Ka sa kowane rabi minti 4 ko 5, layi zai riƙa tafiya.

Kuskuren da zai sa a riƙa cin yaranka a wannan sabon shi ne danne R2, maɓallin gudu, a kowane lokaci. Mai gudu da ƙwallo tana nisa da ƙafarsa, mai tsaro kuma idan ya taho a guje, yanka ɗaya ya wuce shi. Ka koya musu riƙe L2 idan suna tarewa, su bi ɗan gaba a hankali suna fuskantarsa, kada su kai ƙafa sai ƙwallo ta rabu da shi. Kada kuma su jawo ɗan baya na tsakiya daga layinsa, ɗan tsakiya za su kama su dawo da shi. A gaba, R1 da O tare ne ke ba da bugun lanƙwasa zuwa can kusurwa, yana kuma ci sosai daga bakin da'ira. Akwai wani wasa a ciki da ake kira Rush, biyar-biyar a ƙaramin fili, gola na kwamfuta ne, wanda ya yi babban laifi a ba shi shuɗin kati ya fita na minti ɗaya. Mutum huɗu na iya zama a kan na'ura ɗaya, ka ga kuɗin mutum huɗu a zama guda. Abin da ke ci mini rai kawai, babu gasar Najeriya a ciki. Garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, amma yaro ba zai iya ɗaukar Plateau United ba. Osimhen dai yana nan a Galatasaray.

Wanda ya fi shiga raina cikin biyar ɗin shi ne Assassin's Creed Mirage, na 2023. A Bagadaza aka kafa labarin, zamanin Abbasiyawa, wajen shekarar 861. Za ka ga zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya gina, da Baitul Hikma inda ake fassara littattafai, da kasuwar masu turare da masu rini. Ka shiga saiti ka mayar da muryoyin zuwa Larabci, rubutun ƙasa ka bar shi da Turanci. Wallahi wani lokaci kana kan rufin soro sai ka ji kiran salla ya taso daga nesa, tattabaru na tashi, sai ka tsaya kawai ka saurara. Wasan na sanɗa ne, ba na fito-na-fito ba. Kafin ka shiga kowane gida ka saki gaggafar Basim, jarumin wasan, ta yi maka alama a kan masu gadi, ka ɓuya a ciyawa, ka yi fito ka jawo su ɗaya-ɗaya. Idan faɗa ya kama, ka lura da launin sara: rawaya ana karewa, ja kuwa sai kaucewa. Idan sunanka ya ɓaci a gari har mutane na nuna ka, ka yage takardun cigiyar da aka manna a bango, ko ka sallami mai shela. Aibinsa, faɗan bai da yawan salo, bayan awa goma ka gama ganin komai nasa. Labarin ba ya wuce awa 15 zuwa 20, ba ya buƙatar intanet, kuma akwai na PS4. Wannan naka ne na dare bayan an rufe shago. Lambar 18 ce a jikin kwalinsa, akwai kisa a ciki, kada ka sa wa ƙanana.

Elden Ring gwani ne, amma kada ka saye shi don shago. Yaro zai biya kuɗin rabin awa ya ƙare su a mutuwa. Idan kai kake so, ga abin da zai rage maka wahala: mahayin dokin zinaren da ke bakin hanya tun farko, kewaye shi za ka yi. Kada ka tunkari Margit, babban abokin gaba na farkon labarin, da wuri, ka gangara kudu tukuna ka tara ƙarfi. Makin farko ka zuba su a Vigor, wato yawan jini, ka kuma tsare nauyin kayanka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, in ba haka ba mirginawarka za ta yi nauyi.

Gran Turismo 7 motocinsa sun yi kyau matuƙa, sai dai mafi yawansa ba ya buɗewa sai da intanet, har ajiye inda ka tsaya. Bar shi. Astro Bot kuwa, wanda ya ci kyautar gwarzon gem na 2024, shi nake so ka saya saboda 'yan firamare da kuma yaran Yaya idan sun zo hutu. Ba jini, ba zagi, ana tafiya ne ana ceto ƙananan mutum-mutumi guda 300. Hannun na'urar, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, har motsi yake a tafinka idan ana tafiya kan yashi ko ƙanƙara. PS5 kaɗai yake hawa.

Yanzu batun ita na'urar, don nan ne kuɗi ke salwanta. Ka sayi mai cin faifai, kada arha ta sa ka ɗauki marar faifai, domin ita komai sai an sauke, gem ɗaya kuma na iya cin gigabait 50 ko fiye. Faifan PS4 ɗinka kusan duka za su hau kanta. Hannayen PS4 kuwa ba sa aiki a gem ɗin PS5, sai a na PS4 kawai, saboda haka ka ware kuɗin hannu uku na ƙari. Ta farko da aka fitar a 2020 an rubuta mata gigabait 825, amma abin da za ka samu bai wuce 667 ba, siririyar ta baya ita ce mai terabait 1. Duk ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusu ba ta sake canzuwa, kuma ƙarin kayan gem da katin kuɗi sai sun dace da ƙasar, don haka ka kira ni kafin ka buɗe.

Tana jan wuta wajen wat 200 idan ana wasa, ban da talabijin. Ka haɗa su biyun a UPS mai ƙarfin 1000VA aƙalla, wanda zai riƙe ka 'yan mintuna har ka kashe ko a tayar da inji. Ɗauke wuta tana tsakiyar ajiye wasa ko sabuntawa shi ke lalata bayanai. Kada ka bar ta a yanayin barci, mai fitilar ruwan lemo, ka kashe ta gaba ɗaya kowane dare. Idan ta fara nauyi ko tana nuna kuskure bayan ɗauke wuta, ka kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 7 har ka ji ƙara ta biyu, ka haɗa hannu da waya, ka zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge komai. Wanda ke cewa Reset shi ne mai sharewa, kada hannunka ya kai can.

Sanyin Jos zai taimake ta, ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Kada ka ajiye ta a ƙasa ko cikin rufaffen kabad, ka bar mata sarari santimita 10 ta kowane gefe. Duk wata ka zare ta daga wuta, ka cire marfin, ka share bakin fanka da burushi mai laushi. Ƙura da maiƙon hannu kuma su ke sa analog, wato sandar juyawa da ke jikin hannun, ya riƙa jan ɗan wasa gefe ba wanda ya taɓa shi. Ka ajiye tsumma a kan tebur, wanda ya ci awara ko suya ya goge hannu kafin ya ɗauka.

Faifan FC da Mirage da Astro Bot ina da su, zan ba wani mai tahowa Abuja bayan salla, sai ka aika a karɓo. Kafin ka biya kuɗin na'urar a kasuwar Terminus, ka sa mai shagon ya kunna ta a gabanka ta yi minti 20 da faifai a ciki, ka saurari fanka, ka turo mini hoton lambar da ke ƙasanta.

Ka gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gai da Yaya da yaranta, da duk mutanen layi.

Wassalam,
Yayanka