Wasiƙa daga Gwammaja

Kano, ranar Lahadi

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da haƙurin sanyin Ingila. Mu nan ƙura ce ta rufe gari, ko Dala ba a hangowa da safe.

Dalilin takardar nan, wasu yara 'yan Jami'ar Bayero (BUK) sun sa ni gaba, suna son haɗa fim ɗin tarihi a kan jam'iyyar NEPU, tun daga kafa ta a nan Kano ran 8 ga Agusta 1950 har zuwa rasuwar jagoranta Malam Aminu Kano a 1983. Kyamara ɗaya gare su, ita ma ta aro. Na ce zan taya su.

Matsalar hoto ce, Habibu. Mun kalli tsofaffin hotunan da ke intanet har idona ya yi ja. Dalar gyada, hawan salla, hawan daba na zuwan Sarauniya Kaduna a 1956, gwamna da hularsa mai gashin tsuntsu. Da kyau kam, ba laifi. Amma ka tuna wa ke riƙe da kyamarar: gwamnati, kuma ita ke yawo da majigi ƙauye-ƙauye tana nuna abin da ta ga dama. Wa zai ɗauki hoton ɗan NEPU da alkali ya ɗaure don ya yi lacca ba izini? Ko na Gambo Sawaba ana kora ta daga Kano? Yaran sun so su cike giɓin da 'yan wasa da kiɗan tausayi, na ce a'a, a nemi tsofaffi tukuna.

Jiya muka samu wani dattijo tela a Fagge. Da farko ya ƙi, wai me zai faɗa. Da aka ambaci harajin da aka kama babansa a kai, sai ya dakatar da keken, ya cire tabarau, ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin tebur. Katin jam'iyya ne a ciki, ya yi laushi don tsufa, tauraron nan, alamar NEPU, da kyar ake ganinsa. Ya rera mana waƙar Sawaba da muryar da ta dushe, yaron mai kyamara ya shagala har ya bar kan tsohon ya fita daga hoton. Irin su nawa suka rage? Ɗan Masani Maitama Sule, da aka kafa jam'iyyar da shi kafin ya koma NPC, abokiyar hamayyar NEPU, ya rasu tun 2017. Na kuma dage sai an ji bakin 'yan NPC, don ba fim ɗin yabo muke yi ba.

Gobe za mu Mambayya, gidan Malam Aminu, mu duba takardu. Kai kuma don Allah ka bincika mana ma'ajiyar finafinai a Landan, ko akwai hoton wani taron siyasa na Kano, musamman na 1953, da kuma abin da suke caji.

Ka gaida Maman Abba da yara. Inna tana tambayar yaushe za ka zo.

Naka,
Lawan