Wasiƙa daga Bronx a kan maganar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya ƙafar Hajiya? Ka gaishe ta ƙwarai, ka ce mata maganinta yana tafe a hannun wani ɗan unguwarmu da zai sauka Kano bayan Sallah. Mu nan lafiya lau sai sanyi. Yanzu in na fito da asuba sai na kankare ƙanƙara daga gilashin mota kafin in ɗauki fasinjan farko.

Na saurari saƙonka a kan Auta, wai a sayar da fili a nema masa biza ya zo Amurka ya buɗe jaridar intanet kamar yadda Sowore ya yi. Yaya, tun da sunan da ya kama ke nan, bari in faɗa maka abin da na sani game da mutumin, ka karanta masa a gaban Hajiya.

Omoyele Sowore ɗan jihar Ondo ne, an haife shi a 1971. Ba da jarida ya fara ba. Shugaban ƙungiyar ɗalibai ne a Jami'ar Legas daga 1992 zuwa 1994, zamanin soja, lokacin rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, kuma ya sha kamu da duka tun a wancan lokacin. Daga baya ya zo nan, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia, sannan a 2006 ya kafa Sahara Reporters a New York. Ka ga kafin ya buga labari ko ɗaya yana da suna, kuma yana da tsofaffin abokan gwagwarmaya baje a ma'aikatu da kotuna da bankuna. Wannan ne jarinsa na gaskiya. Kwamfuta kam kowa yana da ita.

Mu 'yan Arewa mun fara saninsa sosai ne a ciwon marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ka tuna an fita da shi Jidda a Nuwamban 2009, aka yi wata uku fadar shugaban ƙasa tana cewa yana samun sauƙi, ba wanda ya gan shi. A filin da muke jiran fasinja a tashar jirgin JFK, direba ɗaya zai buɗe shafin a waya, mu kewaye shi, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri, kowa da kofin shayi a hannu, ana musu har a kira lambar motarka ba ka ji ba. Wasu cikinmu sun riƙa tsine wa Sowore, suna cewa ƙiyayyar Arewa ce. Allah ya yi wa Umaru rasuwa ranar 5 ga Mayun 2010, daga nan musun ya lafa. A Disambar 2009 ma shafin ne ya riga kowa fitar da hoton Umar Faruk Abdulmutallab, yaron nan da ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama mai zuwa Amurka, manyan kafofin duniya suka ɗauka daga wurinsa.

To ga inda nake so Auta ya buɗe kunne. Ba a New York ake samo labaran nan ba. Ma'aikaci ne a Abuja yake ɗaukar hoton takarda a ɓoye ya turo, ko akawun kotu, ko direban wani babba. Wanda ke nan aikinsa ya buga, kuma dokar Amurka tana kare shi: tsarin mulkinsu ya hana gwamnati taɓa 'yancin jarida, mai riƙe da muƙami kuwa in ya kai ƙarar ɓata suna, sai ya tabbatar cewa da gangan aka yi masa ƙarya ko an yi ganganci da gaskiya. Wanda ya turo takardar fa? Shi yana can da 'ya'yansa, in aka gano shi ba mai jin labarinsa. Auta da ya gama karatu bara, wa zai amince ya saka wuyansa saboda shi?

Sai maganar kuɗi. Sahara ta ce ba ta karɓar tallar gwamnati, abin da ya riƙe ta shi ne tallafin gidauniyoyi irin su Ford da Omidyar. Su kuwa sai sun ga aiki na shekaru kafin su saki dala ɗaya. Kafin nan hayar ɗaki a Bronx ba ta jira. Na san wani yaro ɗan Zango daga Kumasi da yake shirin Hausa a YouTube. Dare yake kwana yana gadi, da rana ya rataya baƙin zane a bangon ɗakinsa ya kunna fitila biyu ya yi magana. Shirin yana da kyau wallahi, amma gadin ne yake ciyar da shirin.

Kariyar dokar Amurka ma iyakarta bakin ruwa. A 2017 wata kotu a Ilorin ta yanke wa Sowore biyan Bukola Saraki naira biliyan 4. Ya koma gida ya yi takarar shugaban ƙasa a 2019 a jam'iyyar AAC, ya samu ƙuri'a wajen 34,000. Ranar 3 ga Agustan shekarar DSS suka ɗauke shi a Legas saboda zanga-zangar da ya kira, aka sake shi ranar 5 ga Disamba aka kuma kama shi washegari, bai fito ba sai 24 ga Disamba, kuma sharuɗɗan beli suka tsare shi a Najeriya shekaru, matarsa da 'ya'yansa suna New Jersey. Ni dai a ganina shigarsa siyasa ta rage wa jaridar daraja, don wanda yake neman kujera ba zai zama alƙalin masu nemanta ba. Akwai kuma labaran da suke saki da zafinsu ba tare da an ji ta bakin wanda ake zargi ba, wannan ban taɓa yarda da shi ba. Amma tsoro kam ba a san shi da shi ba.

In misali Auta yake so, ga na gida. Jaafar Jaafar a Najeriya ya kafa Daily Nigerian, a can ya fitar da bidiyon dalolin nan a 2018, wanda gwamnan Kano na lokacin ya musanta. Sai a 2021 ya koma Ingila da ya ce ana barazana ga rayuwarsa. Aikin ne ya fitar da shi.

Saboda haka kada a taɓa filin nan, Yaya. Auta ya nemi gurbi a ɗaya daga gidajen rediyon Kano ko da ba albashi, ya koyi yadda ake tabbatar da labari, ya kuma karanta dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, don da shi ake yawan kama masu rubutu. Ni zan saya masa kwamfuta da makirfo mai kyau, in ɗauki kuɗin data na shekara guda. In ya yarda ya kira ni ranar Lahadi bayan Isha'inku, lokacin ina hutun rana.

A gaida Inna da yara, da Liman in kun haɗu.

Ƙanenka.