Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobi: Horon Layin Ko-ta-kwana, Ayyukan Da Suka Tsaya, Da Batun Kuɗin Wata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, dattawanmu, 'yan'uwa membobi.

Taron wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage. An duba marasa lafiya, an je ta'aziyya inda ta kama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Aikin da ƙungiyarmu ta masu haɗa intanet za ta yi alfahari da shi bana shi ne horon yini guda kan saita rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis, ta koma layi na biyu da kanta idan na farko ya mutu. Kun san abin da ya jawo shi. Tun ranar 14 ga Maris, 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, duk mai ofis ko asibiti ko shagon POS ya fara neman layi biyu. Amma da yawa daga cikin ayyukan da muka gani, an jona layin biyu ne a jikin rauta aka tafi, ba a taɓa zare na farkon an ga abin da zai faru ba. Wannan yawo ne da safaya mara iska.

Ɗakin ya cika, har wasu suka tsaya a ƙofa, kuma kowane rukuni ya taɓa na'ura da hannunsa. An fara da rautar kamfanin MikroTik tunda ita ce a hannun mafi yawanmu. Hanya biyu zuwa 0.0.0.0/0, wato fita zuwa intanet gaba ɗaya: ta faiba distance 1, ta sim ko Starlink distance 2 (mai ƙaramar lamba ake fara bi), sannan check-gateway=ping a kan ta farko, ping kuwa ɗan saƙo ne da ake aikawa a ga ko za a amsa. Rautar tana taɓa ƙofar kamfanin duk daƙiƙa 10, idan ta rasa amsa sau biyu sai ta sauke hanyar, wato mutum ya sa ran shiru na daƙiƙa 20 ko sama da haka kaɗan. Wani rukuni ya yi komai daidai amma layin ya ƙi sauyawa, sai aka gano DHCP client, wato ɓangaren rautar da ke karɓo adireshi daga kamfanin layi, yana ƙara tasa hanyar a distance 1. Ana kashe add-default-route, ko a ɗaga lambar tasa.

Daga nan aka shiga abin da ya fi kayar da mutane. Idan masu aikin titi suka tsinke faiba can nesa, akwatin kamfanin da ke bangon ofis yana nan a kunne yana amsa ping, don haka rautar tana ganin lafiya lau alhali babu intanet. Maganin shi ne a riƙa duba wani adireshi na can waje. A ɗaure adireshi ɗaya, misali 1.0.0.1, ya bi ta layin farko kaɗai da scope 10, sannan babbar hanyar ta nuna wannan adireshin a matsayin ƙofarta. A RouterOS 7, wato manhajar rautar MikroTik, sai an sa target-scope ya zama 11, in ba haka ba hanyar ba za ta tashi ba, kuma a nan ne waɗanda suka kwafo saitin RouterOS 6 suka maƙale. Gargaɗi biyu da muke roƙon kowa ya riƙe. Kada adireshin da ake dubawa ya zama shi ne DNS ɗin ma'aikatan ofis, wato mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, domin an ɗaure shi a layin farko, ranar da layin ya mutu rautar za ta koma na biyu amma ba shafin da zai buɗe. Kuma a duba adireshi biyu na kamfanoni daban-daban, kada ɗaya ya daina amsa ping ya jawo sauyin banza. Masu rautar kamfanin Cisco sun yi irin wannan da ip sla da track, hanyar ko-ta-kwana kuma aka ba ta lamba mafi girma.

An kuma nuna dalilin da ya sa wayar ofis mai bi ta intanet da VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro ta cikin intanet, ke ci gaba da mutuwa bayan layi ya sauya. Tsofaffin haɗe-haɗen suna nan a teburin rautar da adireshin layin da ya mutu, tunda tashar da kebul ɗin ke ciki ba ta faɗi ba. Sai an sa Netwatch, mai sa ido kan adireshi a cikin MikroTik, ya share su lokacin sauyin. Haka kuma Starlink da layukan sim yawanci suna bayan CGNAT ne, ba su da adireshin da za a iya shigowa ta kansa daga waje, saboda haka kyamarar tsaro da Alhaji ke kallo a wayarsa za ta ɗauke ko da intanet ɗin ofis ya dawo. A faɗa masa wannan tun kafin a karɓi kuɗinsa, ko a kafa masa VPN da ke fita daga ciki.

Bayan Azahar aka koma kan rauta biyu da VRRP, tsarin da ke sa rauta ɗaya ta karɓi aikin ɗaya idan ta mutu. Ɗaya tana 192.168.10.2, ɗaya tana 192.168.10.3, su biyun suna tarayya a 192.168.10.1 wanda shi ne kwamfutoci suka sani. Babbar aka ba ta priority 200, ta ko-ta-kwana aka bar ta a 100. Babbar tana shela duk daƙiƙa ɗaya zuwa 224.0.0.18, idan ta yi shiru ta biyun tana karɓar aiki cikin kusan daƙiƙa 3.6. Da aka zare wutar babbar ana kallon ping a allo, ya tsallake kaɗan ya ci gaba, ɗakin ya ɗauki tafi. Sai malamin horon ya toshe protocol 112, wanda shelar VRRP ke bi, a katangar tsaro da gangan, kowace rauta ta ɗauka ita ce babba, adireshi ɗaya a wuri biyu, komai ya rikice. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ba zai manta ya buɗe wa VRRP hanya ba. An jaddada cewa VRRP ba ya kallon layin waje: babbar za ta riƙe muƙaminta ko da faibarta ta mutu, sai an haɗa ta da Netwatch ko track da zai rage mata priority. Masu HSRP, takwaran VRRP na Cisco, kuma su tuna cewa nasu gaisuwa ce duk daƙiƙa 3, jira daƙiƙa 10, kuma preempt, wato babbar ta karɓe muƙaminta idan ta dawo, a kashe yake zuwa, saɓanin VRRP.

Wani dattijonmu ya rufe zaman da abin da ba ya cikin saiti. Rauta biyu a soket ɗaya, a kan inbata ɗaya, a bayan suwic ɗaya, rauta ɗaya ce. Kamfani biyu da faibarsu ta bi rami ɗaya a gefen titi, layi ɗaya ne, don haka a tambayi ta inda kebul ya biyo, ko a haɗa faiba da rediyo ko tauraron ɗan'adam. Muna godiya ga waɗanda suka ara mana na'urori, da wanda ya ba da ɗaki da janareta, da matasan da suka kwana suna murɗa kebul. Allah ya saka da alheri.

Yanzu abin da bai yiwu ba, kuma gara ku ji dalili daga gare mu maimakon a gefe.

Ɗakin gwaji na ƙungiya bai tashi ba. Duk na'urorin da aka yi horon da su aro ne, an mayar wa masu su. An amince a sayi rauta biyu iri ɗaya da suwic mai VLAN (mai iya raba layin ofis kashi-kashi) da ƙaramar inbata, amma kayan nan da dala suke tafiya, abin da ke asusu kuma bai kai ba tun kafin farashi ya motsa. Masu cewa a sayi ɗaya tukuna, da rauta ɗaya ba a gwada VRRP. Kwamiti ya ga gara kuɗin ya zauna da a kashe shi a kan rabin aiki.

Horon BGP, tsarin da manyan cibiyoyin intanet ke musayar hanyoyi da shi, ma an ɗage shi, ba don kasala ba. Yin sa a zahiri yana buƙatar lambar AS, wato lambar shaidar cibiya, daga AFRINIC, hukumar raba adireshin intanet a Afirka, da aƙalla /24, wato adireshi 256, kuma kaɗan ne daga cikinmu ke da wannan. Ana iya kwaikwayonsa a manhajar GNS3 ko EVE-NG da CHR, rautar MikroTik ta cikin kwamfuta, sai dai hakan na neman kwamfuta mai ƙarfi, ta ƙungiya kuwa ba ta iya ɗaukar rauta shida a lokaci guda. Littafin jagora da Hausa ya tsaya a babin VRRP, domin waɗanda suka ɗaga hannu suka karɓi babi-babi ba su kawo komai ba, duk da tunin da aka yi ta yi musu.

Duk waɗannan a wuri ɗaya suka haɗu: kuɗin wata. Waɗanda suka biya nasu cikakke ba su kai waɗanda ake bi ba, kuma fuskokin masu biyan ba su canja ba daga bara. Ma'aji ɗan'uwanku ne mai shagonsa da iyalinsa, ba a biyan sa ko sisi, bai kamata ya zama shi ne mai kiran mutum ana ƙin ɗauka ba. Abin da ya fi ciwo, wasu ba a ganin su a taro, ba su zo horo ba, amma ranar da layin kwastomansu ya mutu da tsakar dare su ne na farko a zauren WhatsApp suna neman a turo musu saiti cikakke. Ana turawa, saboda zumunci. Amma saitin da mutum bai fahimta ba shi ne zai ɗaure DNS a layin da ya mutu, gobe kuma a ce 'yan ƙungiyar nan ba su iya aiki ba. Wanda ke cikin matsi ya sami ma'aji a keɓe, za a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, ba wanda zai ji. Wanda kuma ya bar sana'ar ya faɗa mana mu cire sunansa.

Kwamiti zai kawo shawara biyu a babban taro: horo na gaba ya zama kyauta ga wanda ba a bin sa bashi, sauran su biya kuɗin shiga, kuma duk abin da aka tara ya tafi kai tsaye ga sayen rauta biyun nan. Wanda ya kafa layin ko-ta-kwana bayan horon ya zo da kwafin saitinsa, ya goge kalmomin sirri da adireshin kwastoma, a duba tare. Bayanin shiga da fitar kuɗi yana wurin ma'aji ga mai son gani kafin ranar.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.