Ina haziƙan ɗalibanmu ke dosa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina. A Arewa, yaro mai ƙwaƙwalwa in ya ci JAMB, galibi ABU Zariya ko Jami'ar Bayero yake nema, domin kuɗin makaranta a jami'ar kuɗi irin AUN ta Yola ya fi ƙarfin iyayensa, kuma bashin karatu na NELFUND, asusun lamunin ɗalibai na gwamnatin tarayya, bai shafi jami'o'in kuɗi ba. Ɗan mai hali kuwa, tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na wata 8 a 2022 yake gudun jami'ar gwamnati, ni dai ban ga laifinsa ba. Ina roƙon jami'o'in kuɗi su ƙara guraben karatu kyauta ga ɗan talakan da ya yi fice.

Naka,
Malamin sakandare, Kano