Zuwa ga Ummi, kan maganar yarinyar Adre

Assalamu alaikum Ummi, da fatan kin tashi lafiya ke da maigidan naki, ya zafin Njamena? Mu nan Garwa sai godiya, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ni in na daɗe a tsaye.

Na saurari saƙon muryarki har sau uku, kan yarinyar nan mai lalura 'yar gudun hijirar Sudan da ke Adre, bakin iyakar Chadi da Sudan, wadda kike so ki ɗauka ki riƙe, na farkon ma kuka bai bar ni na ji rabin abin da kike faɗa ba. Ban kira ki ba don na san halinmu, da mun yi ta kuka mu biyu kuɗin waya ya ƙare ba a ƙulla komai ba, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta ko da da yatsa ɗaya ne. Ki kwantar da hankalinki, ban ce a'a ba. Amma akwai maganganu, kuma in ban faɗa miki ba babu mai faɗa.

Hoton da kika turo na daɗe ina kallonsa. Hannayen nan a dunƙule babban yatsa a ciki, wuya bai tsaya ba, ƙafafu sun harɗe kamar almakashi. Shekara 31 na yi ina karɓar haihuwa, na san wannan tun kafin ki faɗi abin da likita ya ce. Ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni, ko doguwar naƙuda jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, ko shawara mai tsanani a satin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin sauro da ya hau kai. Raunin ba ya ƙaruwa amma kuma ba ya warkewa, kar wani mai magani ya cinye miki kuɗi da alkawarin za ta tashi da gudu. Gashi da motsa gaɓoɓi kullum suna taimakawa sosai, wasu har su zauna su ci abinci da kansu, wasu kuma ba sa kaiwa nan. Kuma tunda kin ce tana farfaɗiya, ke ma ma'aikaciyar jinya ce kin sani, maganin nan ba a tsayar da shi dare ɗaya, ko akwai kuɗi ko babu sai an saya.

Kin ce kin yi istihara zuciyarki ta natsu, Allah ne ya haɗa ku. Na yarda wallahi. Annabi (SAW) ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna manuniya da yatsan tsakiya, wa zai ƙi wannan maƙwabtaka? Kuma Allah ya saukar da Abasa saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, to wane ne zai raina wanda Allah bai raina ba. Sai dai ki tuna mutumin nan da ya tambaya ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ɗaure ta ka yi tawakkali. Ni igiyar nake so mu duba.

Ba ki san gwaggonki ƙanwata ba, ta rasu kafin a haife ki, hotonta ma babu. Irin wannan lalurar ce da ita. Tana shekara biyu matan unguwa suka fara zuwa wajen Inna da rada, wai ba mutum ba ce 'yar ruwa ce, a kai ta bakin Binuwai da asuba a ajiye a juya baya za ta koma wajen 'yan uwanta. Inna ta ɗauki muciya ta raka wata har ƙofar gida. Shekara 19 ta yi tana riƙonta. Ina iya ganinta yanzu, ta jingina ta da ƙirjinta a zaune don kar ta ƙware, kunu a ƙaramin ludayi, a ba ta kaɗan a jira ta haɗiye, rabi ya dawo ta gefen baki a share da bakin zane a sake, kofi ɗaya sai ya ci kusan awa. Kafin kiran assalatu Inna ta wanke tsummokara ta shanya a bayan ɗaki don kar baƙi su gani. Biki ba ta zuwa, gaisuwar mutuwa a tsaitsaye. Goyo tun yarinyar tana kamar kaza har ƙafafunta suna jan ƙasa, bayan Inna bai sake miƙewa ba. Amma fa in ladan ya ɗaga murya sai ta ƙyalƙyale da dariya har gida ya ɗauka, kuma duk gidan babu wanda Inna take hira da shi kamarta. Addu'ar Inna kullum ɗaya ce, Allah kar ka ɗauke ni ka bar ta, don ta san babu mai iyawa. Allah ya amsa mata.

To ke wa zai iya bayanki? Yanzu kina da ƙarfi, yarinyar ba ta kai nauyin tulu ba. Ki lissafa ranar da take shekara 15 ke kina ciwon baya, da ranar da aiki zai tura ki Abeshe sati biyu, da ranar da Allah zai ba ki naki cikin, don ban cire rai ba ko kaɗan, shekara tara babu haihuwa ba komai ba ce a wajen Allah. Kuma don Allah kar ki ɗauke ta don rufe bakin dangin miji, ba za ta rufe ba, ƙara buɗewa zai yi, za su ce ta rasa haihuwa ta je ta kwaso musaka daga Sudan. Maigidanki kin ce ya ce to. Wane irin to? Akwai to na yarda akwai to na kar ki yi kuka. Ki bar shi ya je ya gan ta da idonsa, ya ɗauke ta, miyau ya zuba masa a riga, sannan ki sake tambayarsa. Surukarki kuma ta ji daga bakinsa.

Sai maganar da ta fi damuna, asalinta. Kin ce tsohuwar da ta tsallako da ita daga Janaina ta Darfur a Sudan maƙwabciya ce kawai, ta ce an kashe iyayen. Ta ga gawa ko ji ta yi? Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka watse, wani yana Adre wani an kwashe shi zuwa wani sansanin, uwa tana nan tana kukan 'yarta ta mutu 'yar kuma tana can da rai. Shi ya sa HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba sa yarda a mallaka wa kowa yaron gudun hijira sai an nemi danginsa iya nema, galibi aƙalla shekara biyu, kuma 'yan ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, wato Red Cross, aikinsu ke nan, haɗa waɗanda suka rabu. Kar ki ga kamar suna ja miki rai ne. Kina 'yar makaranta lokacin, amma ni ban manta Oktoban 2007 ba, da aka kama Turawan Faransa na ƙungiyar Arche de Zoé a Abeshe za su sa yara 103 a jirgi, wai marayun Darfur ne, har da naɗa wa yara bandeji ba ciwo. Da aka bincika akasarinsu 'yan Chadi ne kuma suna da uwa ko uba a raye. Kotu a Njamena ta yanke musu shekara takwas da aiki mai tsanani, daga baya shugaban Chadi na lokacin Idriss Deby ya yafe musu a 2008. Su ma cewa suka yi ceto suka zo yi. Mutanen gabashin Chadi ba su manta ba, don haka komai ki yi shi da rana tsaka, ta hannun hukumar kula da yara da kotu, da takarda. Duk wanda ya ce kawo wani abu in gajarta miki hanya ki gudu.

Kuma ki sani abin da addini ya ba mu riƙo ne, kafala. Zaidu ɗan Harisa har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu sai da aya ta sauka a Ahzab ta ce ku kira su da sunan ubanninsu. To sunan ubanta ya zauna a takarda yadda yake, kar tausayi ya sa ku rubuta na maigidanki. Ba ta da gado a wajenku, amma kuna iya yi mata kyauta tun kuna raye ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, kuma yarinya irin wannan ta fi kowa buƙata, a rubuta da shaidu tun yanzu. Maganar muharramaka kuma, ta wuce shekarun shayarwa, in ta girma wanka da tsarki naki ne ke da mata, ku zauna da malami ya warware muku. Yarensu ma kar ki bari ya ɓace mata, ki roƙi tsohuwar nan ta yi miki waƙar da take lallashinta da ita ki ɗauka a waya. Ranar da wani kawu ya ɓullo da hujja ya ce tasa ce, za ki iya miƙa ta? Wannan ki tambayi kanki da daddare ke kaɗai, ba sai kin ba ni amsa ba.

Ni dai in an gama bincike aka ba ki riƙonta, bayan ƙaramar Sallah zan hau mota, in kwana Marwa in huta da ƙafar nan, washegari Kuseri in tsallaka gadar Ngeli. Zan yi miki wata biyu in nuna miki yadda Inna take zaunar da yaro a ba shi kunu, da yadda ake juya shi da dare don kar baya ya yi gyambo. Na riga na yi wa kafintan bakin kasuwa maganar 'yar kujera mai madafa da abin tallafe kai, ya ce sai ya san tsawonta, ki auna ta daga ƙugu zuwa ƙeya da kuma daga ƙugu zuwa bayan gwiwa ki turo min.

Ki gaida maigidan, ki ce ina son magana da shi ranar Juma'a bayan an sauko, shi kaɗai.

Mamanki, daga Garwa.